Tasar Wanke Hannu a Gidan Suna

Murfin tukunya ne ya faɗi a gidan maƙwabta. Na ji ya bugi dutse, ya shiga juyi a ƙasa, karrr, karrr, har ya gaji ya kwanta, babu wanda ya ɗauke shi. Ina zaune a inuwa ina tsintar shinkafa a faifai. Duk gidan da ake girki, murfi ba ya gama juyi hannu bai kai gare shi ba. Sai na ajiye faifan, na ja mayafi, na zagaya.

Lokacin ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba. Muna haya a unguwar Gamkalle cikin Yamai, ni sabuwar amarya daga Maraɗi, maigidana komi ne, wato magatakarda, a wani biro, ofishin gwamnati, can unguwar Filato. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har kwaleji kafin a yi mini aure, abin da ya sa matan unguwa suka laƙaba mini Madam Lakwal. Maƙwabciyar tamu Nya Bibata ce, wata tsohuwa Bazabarma da ta yi suna wajen girkin taro. Na iske ta zaune kan turmi riƙe da wuyan hannu, tururi ya ƙone ta. Manyan tukwane na kan wuta, matan da ke taya ta ba su zo ba, ga gidan suna ana jiran abinci kafin azahar.

"Madam Lakwal, kallo kika zo?" in ji ta da Hausarta ta kasuwa.

"Na zo in ga ko lafiya, Nya."

"Lafiya tana cikin tukunya tana ƙonewa. Ɗauki muciya."

Na ɗauki muciya, kuma ban ajiye ta ba sai da gwiwoyina suka ce sun gaji.

Yau ga ku nan, ƴan matan unguwa, kuna zuwa kuna ce mini, "Inna Mariyama, ki koya mana girkin taro. Ai girki girki ne, tukunya ce kawai ta ƙara girma." In na ji wannan magana sai raina ya ɓaci. Wadda ta dafa wa mijinta shinkafa ta caɓe, shi kaɗai zai ci ya yi shiru. Wadda ta dafa wa taro, cikin mutane aka damƙa mata, tsofaffi da masu ciki da yara, kuma in wani abu ya faru, sunanta za a fara kira. To ku zauna ku ji.

Shekarata ta farko a hannun Nya Bibata ban taɓa gishiri ba. Wankin tukwane da toka da yashi, shi ne darasina. Sai zaɓen duwatsun murhu, don dutsen da bai zauna daidai ba yakan kifar da abincin gida guda. Sai sanin itace. In raƙuma suka shigo gari da kaya, ita ke aike ni, in na dawo ta duba. Sabara tana ci da sauri, ta tafasa ruwa ce. Ƙirya tana jimrewa, ta nama ce. Ɗanyen ice kuwa hayaƙinsa shiga miya yake, har a ce mai girki ba ta iya ba. Tuwo a babbar tukunya ba da hannu kaɗai ake tuƙa shi ba. Muciyar ta kai mini ƙirji, sai na dogare ƙafa da dutse na sa ƙugu. Shinkafa in ta tsotse ruwa, a janye itacen, a ɗora garwashi kan murfi ta ƙarasa da kanta. Wannan duk ana koya da ƙuna da tabo, ga nawa nan a hannu.

Amma abin da Nya ta fi tsanantawa a kai ba ɗanɗano ba ne. Da safe sai mun jera mun miƙa mata hannu ta duba ƙumba, kamar sojoji. Ludayi ba ya zuwa baki. A ɗiga miya a tafin hannu a lasa, a wanke hannun. Tukunya ko kwano, da an zuba sai a rufe da faifai, don ƙuda ba ya sallama. Ruwa kuma na pampo take sa ƴan garuwa su kawo, ba na gulbi ba, ko da gulbin yana nan kusa da mu. Wata rana Fati, babbar mai taya ta, ta zo tana dafe ciki tana yawan zagayawa.

"Me ya same ki?"

"Ɗan zawo ne, Nya, ba komai."

"Ɗan zawo ya raka ki gida. Mai gudawa ba ta tsayawa kan tukunyata."

Nya ba ta taɓa jin sunan mikrob ba, ƙwayoyin cutar da aka zana mana a allo a kwaleji. Ita dai ta ga abin da ta gani a tsawon rayuwa, ta kafa dokokinta.

Akwai wani aiki da muka yi a Lamorde, ƙetaren gulbi, tun ba a yi gada ba. Muka loda tukwane da buhun shinkafa da itace cikin jirgin kwale-kwale da sassafe. A tsakiyar ruwa iska ta taso, ruwa ya fantsamo ya jiƙa itacen sarai. Muka isa gidan biki da jiƙaƙƙen ice, ga Fulani baƙi sun cika gida tun daga ƙauyuka. Nya ta duba itacen. Ta sa aka karɓo kara da busasshen kashin shanu daga maƙwabta, muka kunna, muka jera itacen kewaye da wutar yana bushewa muna turawa ɗaya bayan ɗaya. Abinci ya fita kan lokaci. Uwar amarya ta ce miyar ta ɗan yi hayaƙi. Haka masu ba da aiki suke.

Ku san su tun yanzu. Matan ma'aikata na Filato suna son a yi musu salati irin na Turawa, amma in sun ga kina jiƙa ganyen a ruwan maganin nan mai launin shuni, sai su ce za ki ɓata masa ɗanɗano. Ni kuwa a Gamkalle nake, na san ruwan lambatun da wasu masu lambu ke ban ruwa da shi. Matan ƴan kasuwa, mutanenmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa, su mai suke so ya taso kan miya har mutum ya ga fuskarsa. Akwai wadda za ta rantse miki baƙinta kaɗan ne, sai ki ga unguwa ta tashi kaf. In abinci ya yi daɗi, a yabi mai gida da ya sayi rago. In gishiri ya zarce, a tambayi wa ta dafa.

Da ƙafa ta hana Nya Bibata tsayuwa, ta kira ni ta nuna mini tukwanenta da muciyoyi da madambaci, ta ce, "Ɗiyata, ga su nan. Kar in ji an zage su." Fati ta dawo hannuna. Aiki ya yi ta zuwa, har ya zama sai an yi mini magana tun mace tana da ciki.

Sai shekarar nan ta zo, wadda zawo da amai suka shigo gari bayan damina.

Sunan jika aka yi a gidan wani Alhaji mai sayar da atamfa, mutumin Tawa da ya daɗe a Yamai. Gidan a hannun mahaifiyarsa yake, Hajiya Kuluwa, mace mai faɗa a ji, wadda in ta yi tari matan unguwa uku sukan ce sannu. Muka kafa murhu a bayan gida. An yanka raguna da safe a gabana, na ga jininsu. Muka yi shinkafa da miyar nama, da dambu, komai da zafinsa ya bar hannunmu, a rufe. Ana cikin rabo wata baƙuwa, ƙaramar mace da goyo, ta zagayo wajenmu tana neman ruwa, ɗanta ya ɓata jiki, kuma ba karo na farko ba ke nan a ranar. Na zuba mata a wani tsohon gwangwani, na ce ta matsa can nesa da tukwane. Ta wanke shi da hannu, ta ɗauraye hannun da sauran ruwan, ta goge a zane, ta koma ciki. Babu wanda ya ga abin magana. Sabulu a lokacin na wanka ne da wanki.

Kwana biyu bayan haka gidan ya rikice. Yara suka fara, sai ƴan mata, sai wasu daga cikin matan da ke jinyarsu. Zawo kamar an buɗe pampo, da amai, ido ya faɗa. Aka yi ta ɗaukar su zuwa dispansar, ƙaramin asibitin unguwa. Wani yaro ɗan maƙwabtansu, wanda na zuba wa ƙanzo da hannuna yana mini dariya da giɓinsa, bai tashi ba. Allah Ya sa mai ceton iyayensa ne. Jikar Hajiya, Ramatu, ƴar ƙarama da ba ta isa shiga lakwal ba, ta kai bakin kabari ta dawo.

Kafin a share makoki magana ta gama gari: abincin Madam Lakwal ne. Wasu suka ce naman kwana na dafa. Wasu suka ce tukwanen tsohuwar nan sun yi tsatsa. Wata ma cewa ta yi hannuna ne ba shi da kyau. Masu aikin da suka riga suka yi mini magana suka fara aiko yara: "An ce a gaya miki an fasa." A bakin pampo in na iso sai hira ta mutu.

Na ɗauki mayafi na shiga gaishe da marasa lafiya gida gida, don haƙƙi ne, ko da wasu ba su amsa sallamata da daɗi ba. A nan ne na fara lura. Mazan da suka ci a ƙofar gida, daga tukunya ɗaya, babu wanda ko cikinsa ya murɗa. Gidajen da aka aika wa kwano, lafiya lau. Ni da Fati da muka ci ragowar har da ƙanzo, lafiya lau. A cikin gida ma tsofaffin mata babu wadda ta kwanta, alhali su ne masu raunin ciki. In guba tana cikin tukunya, ina ta san babba da yaro?

Fati ce ta shigar da kwanonin mata, sai na tambaye ta yadda aka zauna.

"Yadda aka saba mana. Hajiya da tsofaffi a kan tabarmar ɗaki, sai matan gida, sai baƙi, sai ƴan mata, yara a can bakin zaure."

"Tasar wanke hannu fa?"

"Guda ce. Daga Hajiya ta fara, ta bi layi."

"Baƙuwar nan mai goyo, ina ta zauna?"

Fati ta ce, "Cikin baƙi, wajen ƙarshe. Daga ita sai ƴan mata."

Ku da kuka tashi kuka iske buta da sabulu, bari in gaya muku yadda ake yi a da. Tasa guda ake cikawa da ruwa. Babba ya tsoma hannu ya wanke a ciki, a miƙa wa mai bi masa, shi ma ya tsoma. Haka za ta yi ta tafiya bisa girma, ba a zubarwa, ba a sakewa, har ta kai kan yara. Ladabi ne, kowa ya san matsayinsa ta wurin lokacin da tasa ta iso gare shi. Kuma ba aikin mai girki ba ne, na masu gida ne. Mu iyakarmu bakin murhu.

Na tafi dispansar na sami ma'aikacin da muke kira likita ko da yake ba dokta ba ne, wani Bazabarme mai haƙuri da ya kwana biyu bai huta ba. Na zayyana masa komai, na ce ya gaya mini gaskiya, in tukunyata ce in sani.

Ya ce, "Madam, abin da ya tafasa ya mutu. Ciwon nan ba shi da fiffike. Daga bayan mai ciwo yake fita, ta bakin mai lafiya yake shiga. Hannu ke kai shi, ko ruwa, ko ƙuda. Uwa ta wanke ɗanta, hannunta ya ɗauka, ido ba ya gani. Ita kanta tana iya zama garau, tana rabawa ba ta sani ba."

"In ta tsoma hannun a tasa fa?"

"Duk wanda ya tsoma bayanta ya samu rabonsa, ya kai baki da lomar farko. Bakina ya gaji da faɗar wannan. In kin iya sa su ji, ki taimake ni."

Ban yi wa baiwar Allah nan mai goyo kallon mai laifi ba, har yau. Ta yi abin da uwarta ta koya mata. Ko sunanta ban ambata wa kowa ba, don na san irin abin da bakin mutane ke yi, ina cikinsa.

Na shirya na tafi wajen Hajiya Kuluwa. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata barka da tashin Ramatu. Matan gida suna zaune. Na ce, "Hajiya, na zo da magana, ba don in wanke kaina kaɗai ba. Abin da ya kwantar da yaran nan ba daga tukunya ya fito ba. A tasar wanke hannu ya bi."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Tasa?"

"I, Hajiya. Ruwa ɗaya kowa ya tsoma, yara suka zo ƙarshe."

"To hannun wa ke da cutar? Nawa? Ni na fara."

"Ba haka nake nufi ba, Hajiya."

"Ke ɗiyar nan, tun kafin a haifi uwarki ake wanke hannu a tasa. Ruwan hannun manya albarka ne ga yaro. Mu da shi muka girma, ga mu. Ƙaramin sani ƙunƙumi ne. An koya miki baƙaƙen Nasara guda biyu, kin zo ki ce hannun Musulmi ƙazanta ne, don ki rufe naman kwananki."

"Ragunan a gidan nan aka yanka su, Hajiya, da safe."

"Tashi ki ba ni wuri. Laifi tudu ne."

Matan suka yi dariya ƙasa-ƙasa, har da wadda ɗiyarta ke kwance a ɗaki. Wannan dariya ita ta fi ƙona mini rai. An binne yaro, wasu sun sha da ƙyar, amma an gwammace a ci mutuncin mai girki da a taɓa tasa. Don mai girki baƙuwa ce, a kore ta a huta. Tasa kuwa ta gida ce.

Rani ya shigo ban ɗora babbar tukunya ba. Na wanke tukwanen na kife a ɗaki, kaji suna hawa. Fati ta koma daka a gidajen mutane. Maigidana ya ce, "Mariyama, ki bar abin nan. Albashina yana ciyar da mu, ba a kan titi muke ba." Na ce masa ba ci ne ya dame ni ba. In na bari yanzu, na amsa ke nan cewa ni na kashe ɗan mutane, kuma gobe a yi wani suna, tasa ta sake zagayawa, a nemi wata mai girkin a ɗora mata. Ya ce Allah Ya kyauta.

Nya Bibata ce ta buɗe mini ƙofa. Ɗiyar ƙanwarta ta haihu, mijin kuwa direban babbar motar Alhaji mai atamfa ne, a nan Gamkalle suke. Nya ta sa aka kira shi ta ce, "Ɗiyata za ta dafa, ko kuwa kar ka sake gaishe ni." Ya zo wajena yana sosa ƙeya.

"Madam, ni ban ƙi ba. Amma Hajiya za ta zo, uwar maigidana ce."

"Ta zo lafiya. Sharaɗina ɗaya ne: tasa ba za ta zagaya ba. Da buta za a zuba wa kowa, da sabulu."

"Wa zai gaya wa Hajiya haka?"

"Ni."

Na san abin da na ɗauko. In aka kwanta bayan wannan suna, ko da mutum ɗaya ne, na gama a Yamai. In Hajiya ta yi fushi ta fita, direban na iya rasa aikinsa, kuma ni za a ce. Na sayi butoci sababbi da sabulun wanki na yanka ƙanana. Na kira Fati. Ruwan sha na tafasa shi tun jiya ya huce a randa, na ɗaura wa bakin randar ƙyalle, na sa ludayi mai dogon hannu maimakon moɗar da kowa ke cusa hannu da ita.

Da abinci ya sauka na bar Fati kan tukwane, abin da ban taɓa yi ba, na shiga wajen mata da buta a hannu ɗaya, tasa wadda babu kome ciki a ɗayan. Hajiya tana kan tabarma ta sama, Nya Bibata a gefe ta miƙe ƙafarta mai ciwo.

Hajiya ta leƙa tasar. "Ina ruwan?"

"Yana cikin buta, Hajiya. Zuba miki zan yi."

"Ni kuturwa ce da ba zan tsoma hannu ba? A cika tasa a kawo yadda aka saba."

Mai jego ta sunkuyar da kai. Na ce, "Hajiya, in za ki yi alwala, kina tsoma hannu a ruwan da wata ta wanke nata?"

"Alwala daban, cin tuwo daban. Kar ki kawo mini wa'azi, na je Makka kina cikin zanen goyo."

"Gaskiya ne, Hajiya. Amma Bisimilla ɗaya muke yi a kan duka biyun."

Wata daga baya ta ce, "Ji bakinta." Hajiya ta fara laluben takalminta da ƙafa. Sai Nya Bibata ta yi magana ba tare da ta dubi kowa ba.

"Hajiya, kala suru, yi haƙuri. Ni tun da nake ban taɓa ganin an zuba wa talaka ruwa a hannu ba. Sarakuna ake yi wa. In ba ki so, ta fara da ni in ɗanɗana sarauta kafin in mutu."

Aka yi dariya, wannan karon ba ni ake yi wa ba. Ban jira ba. Na durƙusa gwiwa biyu a gaban Hajiya, na ajiye tasar ƙarƙashin hannunta, na miƙa mata sabulu da hannu biyu. Ta karɓi sabulun.

"Yau ga Madam Lakwal a ƙasa," in ji ta. "To zuba, tun da kin zama baiwa."

Na zuba. Ta wanke, ta yarfe hannu har ruwan ya fantsamo mini a fuska. Ban goge ba. Na matsa gaban ta kusa da ita, a durƙushe, na zuba mata. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya bisa girmansu, yadda tasa ke bi, ba wadda na tsallake. In tasar ta cika in fita in zubar can nesa in dawo.

Kwanakin da suka biyo baya na yi su ne kunne a ƙofa. Babu wanda ya kwanta. Ba zan ce muku gari ya tuba ba. Hajiya Kuluwa har ta koma ga Allah ba ta ce ta zalunce ni ba, kuma a gidanta tasa ta ci gaba da zagayawa. Akwai gidajen da suka ji sharaɗina suka nemi wata. Amma aiki ya dawo a hankali, wannan ta gaya wa waccan, har aka san cewa in ka kira Mariyama, da butocinta za ta zo, kuma da kanta za ta durƙusa. Gwiwoyin nan da kuke ganin ina ja, ba tuƙin tuwo kaɗai ya cinye su ba.

Don haka wadda ke son in koya mata, buta zan fara ba ta kafin muciya. In tana ganin ta fi ƙarfin durƙusa wa mutane, ko tana jin kunyar a ce mata mai iyayi, ga hanya nan. Kuna cewa na cika tsanani, abin ya wuce, yanzu kowa ya waye. Makon jiya na je wani biki na ga tasa tana yawo a tsakanin yara. Ban iya cin abincin ba.

A ranar sunan nan na Gamkalle, da na gama da manya da baƙi da ƴan mata, na fita na sake cika buta, na zo bakin zaure inda aka tara yara. Ramatu ce a farko, jikar Hajiya, har lokacin wuyanta bai gama cikowa ba. Na durƙusa, na sa mata sabulu a tafin hannu, na karkata butar. Da ta ga ruwan yana zubowa garai-garai sai ta janye hannunta da sauri ta ɓoye a baya, ta waiga ko wani babba ya gani. Sannan ta matso kusa da kunnena, kamar mai cetona daga faɗa.

"Inna, wannan na manya ne. Mu sai ya yi baƙi ake kawo mana."